Me ya sa zanen Basamariye ya yi kama da hoton kyamara?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa zane-zanen Turawa na labaran Littafi Mai Tsarki suke fitowa tamkar hoton kyamara. Horon makaranta ne ya kawo haka. A Faransa ta ƙarni na 19, ɗalibin makarantar zane ta Paris kan shafe shekaru yana kwaikwayon gumakan Girkawa, sannan ya koma zana mutum mai rai, har sai ya san kwanciyar kowace jijiya. Malamansu sun ɗauki zanen tarihi da na addini sama da kowane irin zane.

Nemi zanen Aimé Morot na 1880, Basamariye Mai Tausayi, wanda ke gidan tarihi na Petit Palais a Paris. Daga Bisharar Luka sura 10 ya ɗauko labarin: 'yan fashi sun raunata matafiyi, firist da Balawi (masu hidima a haikalin Yahudawa) suka wuce shi, sai Basamariye, baƙon da ake ƙyama, ya tsaya ya taimake shi. Morot ya zana lokacin da aka ɗora majinyacin kan jaki, jikinsa ya saki gaba ɗaya, dattijon Basamariyen kuma ya tallabe shi da ƙyar. Abin da ya fi taɓa ni shi ne mai taimakon ma ba shi da alamar wadata. Zanen ya ci lambar girmamawa a baje kolin Paris na shekarar.

Idan labarin gwauruwar da ta ba da 'yan kuɗinta biyu baiko a haikali kake so, wanda shi ma yana cikin Bisharar Luka, duba zanen James Tissot a gidan tarihi na Brooklyn, Amurka. Shi har Falasɗinu ya je domin ganin tufafin mutane da gine-ginensu.