Amsa ga ɗan'uwa mai kaset ɗin Eagles na mahaifinsa

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan baba, ya sa aljanna ce makomarsa. Ka ce ka tsinci kaset-kaset na Eagles, ƙungiyar mawaƙan nan ta Amurka, a akwatinsa, rediyo ta fara cin zaren wasu, kana tambayar yadda za ka ceto su da wanda ya kamata ka fara ji. Wallahi ina karantawa sai da gabana ya faɗi, don abin nan ya taɓa ci na.

Tun kafin maganar gyara, kar ka ba kowa aro. Kowa fa nake nufi, ko ɗan ɗakinku ne. Ni nawa a wajen kawuna na gada, wani ɗan'uwanmu ya zo da daɗin baki wai zai ji ya dawo da shi. Kundin waƙoƙinsu ne mai suna Desperado, na 1973, kuma har na karya masa ɗan kunnen nan na sama don kar a ɗauki wani abu a kai. Ashe bawan Allah ya cusa takarda a ramin ya naɗi kiɗan bikin ƙanwarsa. Na saka ina jiran jita sai na ji guɗa. Guɗa fa jama'a, da hayaniyar mata ana rabon shinkafa! Na same shi da maganar ya ce wai ai waƙar Turawa ce, me aka rasa, yana dariya, ko haƙuri bai ba ni ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne rubutun hannun marigayin a jikin kwalin, ya bi shi da biro ya rubuta sunan amarya. Har yau muna gaisawa in an haɗu a ɗaurin aure, amma Allah ya san zuciya.

Cin zaren kuma sau da yawa ba laifin kaset ba ne, rediyon ce ta yi datti. Samu auduga da sifirit ka goge kan da ke karanta zaren da ɗan tayar robar nan da ke jan sa, ka bari ya bushe. Wanda ya yamutse ka sa biro a ramin ka juya a hankali, kar ka ja da ƙarfi. Kuma ka cire su daga ɗakin da rana ke duka, zafi yana lalata su.

Wanda za ka fara ji, na san 'yan gurup ɗin nan za su ce kundin Hotel California na 1976, ni ban yarda ba. Yana da daɗi, amma lokacin Bernie Leadon, mai kaɗa musu banjo (wani abin kiɗa mai tsirkiya kamar jita), ya riga ya bar su a 1975, Joe Walsh ya shigo, kiɗan ya koma rok sosai. In baba irin masu son Don Williams ne, mawaƙin nan na Amurka mai kiɗa a hankali, kamar yawancin iyayenmu, to kundinsu na farkon nan na 1972 da Desperado su za su fi kai ka inda kunnensa yake. A Landan ma aka naɗe su, duk da a Los Angeles aka kafa ƙungiyar a 1971. Ka kasa kunne wajen da suke haɗa murya su huɗu, nan ne gwanintarsu take. Kuma a cikin su huɗun mutane kullum Don Henley da Glenn Frey suke ambata, ana mantawa da Randy Meisner, wanda ya rera Take It to the Limit da siririyar muryar nan tasa, ya rasu a 2023 ban ga wanda ya ko ambace shi a nan ba, abin ya dame ni. Frey shi tun Janairun 2016 ya rasu. Su kansu rigima ce ta watsa su a 1980 sai 1994 suka sake haɗuwa, to ka ga ba danginmu kaɗai ba.

Af, ka nemi wayar da ke haɗa rediyo da kwamfuta ka kwafe komai, ko da waƙoƙin suna intanet, don wani lokacin iyayenmu kan naɗi muryarsu a ƙarshen kaset. Ka ɗauki hoton kwalayen ka turo mana mu ga wanne da wanne ka samu.