Amsa: Maganin hawan jini ga yaro

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Kin tambaya tsakanin amlodipine da enalapril wanne ya fi wa ɗanki. A fara duba ƙodarsa, don hawan jinin ƙananan yara galibi daga nan yake tasowa. In akwai furotin a fitsari, likitoci sun fi son enalapril saboda yana kare ƙoda, sai dai a riƙa gwajin jini. In ya sa shi busasshen tari, akan koma losartan. Amlodipine kuwa yakan kumbura ƙafa ko dasashi.

Ki kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina, da nauyinsa ake auna maganin. Don Allah kada ki ɓara masa na babansa.