Filin Amsoshi: Take, Kiɗan Taushi da Waƙoƙin Fim

Wani ɗalibi daga Zariya: Malam, kiɗan da ake sakawa a ƙarƙashin magana a fim, wanda ba a rera komai a kansa, me ya kamata a kira shi?

Ka kira shi kiɗa, ɗana, ka huta. Abin da ke ba ni takaici shi ne a ji saurayi yana cewa "waƙar wurin nan ta yi daɗi" alhali babu wanda ya buɗe baki. Waƙa sai da murya da kalmomi. Kiɗa aikin hannu ne, busa kuma ta baki.

Amma in kiɗan yana dawowa duk sa'ad da wani mutum ya bayyana, to ya zama take, kuma a nan zan ɗan zauna. Take gajeren kiɗa ne da aka keɓe wa mutum ko sana'a. Sarki yana da nasa a tambari da kakaki, mahauta a kalangu, maƙera a dundufa, manoma a gangar noma. Ɗan dambe yana zaune a bayan fage, da an taɓa takensa sai ka ga ya zabura yana tsuma, ba tare da an ambaci sunansa ba. Kalangu na iya wannan kira ne saboda tsarkiyoyin da suka haɗa fuskokinsa biyu: makaɗi ya matse su a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, har ya bi hawa da saukar muryar Bahaushe a ji magana sarai.

Mai haɗa kiɗan fim da ya san aikinsa haka yake yi. Zai ba jaruma takenta, ya busa shi da sarewa ranar haɗuwa, ya ja shi a hankali a kan goge ranar rabuwa, ranar biki kuma ya ɗora masa ganguna. Indiyawa sun ƙware a wannan, mutanen Kano kuwa tun wajen shekarun 1960 suke shan finafinansu a silima, don haka kunnenmu ya saba. Inda namu ke yin tuntuɓe wuri biyu ne. A ɗauko kiɗan tausayi guda ɗaya a liƙa wa mutuwa, a liƙa wa saki, a liƙa wa korar ɗan haya, har ya daina taɓa kowa. Sannan a ƙure shi ya danne zance, mai kallo yana ta miƙa wuya don ya ji abin da uwa ke gaya wa ɗanta. In kana son gwada fim, rufe idonka: in ka gane wanda ya shigo ta kiɗa kaɗai, an yi aiki.

Wata malama daga Maraɗi: "Kiɗan taushi" da marubuta ke cewa yana tashi a mota ko a falo, daidai ne?

Na gane nufinsu, Malama, kiɗa mai sanyi suke nufi, amma sun taka sawun wani. Taushi sunan ganga ne ta makaɗan fada, mai fuska ɗaya, da hannu ake kaɗa ta, har sarauta gare ta, Sarkin Taushi. Salihu Jankiɗi da ita ya yi wa Sarkin Musulmi waƙa. A ce "kiɗa mai taushi" ko "tattausan kiɗa", a bar wa fada kayanta.

Mai karatu daga Kumasi: Daga ina "nanaye" ta samo asali?

Daga amshin waƙoƙin 'yan mata na dandali, sai aka laƙaba wa waƙoƙin fim na kiɗan fiyano.

Wani dattijo daga Gusau: Me ya sa nake jin kowace kalma a tsofaffin waƙoƙi, amma na yanzu sai na yi ta maimaitawa?

Ba kunnenka ba ne, Baba. A wurin su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, wanda ya rasu a 2015, magana ce a gaba, kiɗa na biye da ita. A situdiyo kuwa sau da yawa kiɗan ake fara haɗawa a fiyano, sannan a cusa kalmomi a ciki ko sun shiga ko ba su shiga ba. Hausa ba ta yarda da haka. "Kuka" na ido muryarsa a sama take tun daga farko har ƙarshe, "kuka" ta miya kuwa ƙarshenta sauka yake yi. In kiɗa ya tilasta wa mawaƙi ya sauke murya inda ya kamata ta tsaya a sama, ya kai masoyiyarsa gindin bishiya bai sani ba. Haka jan wasali: a ja "gari" don a cike kiɗa, birni ya koma abin tuwo. Akwai mawaƙan fim masu kiyaye wannan, kuma su ne za ka tarar ana rera waƙoƙinsu bayan an manta da fim ɗin.

Ka kuma lura da gindin waƙa, wato layin da ake komawa kansa bayan kowane ɗa, ko baiti. Masu cewa gindi da amshi abu ɗaya ne ba su yi daidai ba. Amshi shi ne karɓar da 'yan amshi ke yi, kuma a waƙoƙin fada irin na Narambaɗa sukan karɓe layi daga bakin jagora su ƙarasa masa, ba gindi kaɗai suke maimaitawa ba.

Wata ɗaliba daga Jos: An ce "waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi". To a fim, da jarumi ke motsa baki wani ne ya rera, wa ke da ita?

Karin maganar a kan labari take, 'yata: a ji zance daga bakin wanda abin ya shafa. A fim kuwa jarumi hawa waƙar ya yi. Mai ita shi ne wanda ya tsara ta ya rera, don haka ki tsaya har ƙarshen fim ki karanta sunansa.