Tambaya da Amsa: Wane Lens Zan Saya, Kuma Yaushe Zan Fara Nuna Hotunana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Kano. Yayana ya bar min kyamararsa, Canon 700D, da lens ɗin da ta zo da shi, 18-55mm. Ina ɗaukar hidimar 'yan'uwa da ƙawaye, kamu da wuni da suna. Damuwata ita ce hotunan cikin ɗaki suna fitowa dishi-dishi, bayan mutum ba ya narkewa kamar na ƙwararru, in na zo gyara kuma fatar mutane ta yi fari-fari kamar an shafa toka. Na ɗan tara kuɗi. Wasu sun ce in sayi 50mm, wasu sun ce 70-200mm. Kuma har yau kunya nake ji in saka aikina a Instagram. Ina neman shawara.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kuɗin nan ki ƙara riƙe shi na mako biyu tukuna, domin a cikin abubuwa huɗun da kika lissafa, ɗaya ne kawai sabon lens zai magance shi kai tsaye.

Mu fara da dishi-dishin. Lens ɗinki an rubuta masa f/3.5-5.6. Wannan lamba tana nuna faɗin ƙofar da haske ke bi ya shiga kyamara, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Duk lokacin da kika jawo mutum kusa, kika kai 55mm, ƙofar na tsukewa zuwa f/5.6. A ɗakin amarya mai ƙwan lantarki ɗaya da labule mai kauri, hasken da ke shiga ta nan bai taka kara ya karya ba. In kyamara na kan otomatik, sai ta rama ta hanyar jinkirta ƙiftawarta, ta sauko 1/15 ko 1/20 na daƙiƙa. A wannan jinkirin, amarya ta ɗan juya kai, ko hannunki ya motsa, shi ke nan hoto ya jagule. Ki murɗa maɓallin sama zuwa Tv, inda ke ce za ki zaɓi saurin ƙiftawar, ki sa 1/125 in mutane na zaune, 1/250 in ana rawa ko liƙi, sannan ki ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600. Za ki ga ɗan tsaki-tsaki a wuraren duhu, kada ya dame ki. Ana iya rage tsaki a wajen gyara, amma hoton da ya motsa ba shi da magani.

Kafin ma ki taɓa maɓalli, ki ɗage labule. Ki zaunar da amarya gefen taga ko bakin ƙofa, hasken ya zo mata ta gefe, ki kashe ƙwan ɗakin don kada launin haske biyu su cakuɗe a fuskarta. Ki ba wata yarinya farin kwali ko farin mayafi ta riƙe a ɗaya ɓangaren, ya mayar da hasken kan kuncin da ke inuwa. Ki gwada ki gani, gani ya kori ji. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, da hasken rana ya yi yawancin aikinsa a tsakar gida, yana rataya zane mai ado a bayan mutum, kuma sau da yawa ɗauka ɗaya yake yi wa kowa saboda tsadar fim. Hotunan nan yanzu suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka.

Yanzu batun lens. Ki cire 70-200mm daga lissafi a halin yanzu. Mai f/2.8 ɗinsa ya kusa kilo ɗaya da rabi, kuɗinsa ya ninka na kyamararki, kuma aikinsa ɗauko abin da ke nesa ne: ango da amarya a kan dandamali, ko mahaya a Hawan Daushe. Ke kuwa aikinki a cikin ɗaki yake, tsakanin gado da jere da mata ashirin.

50mm f/1.8 shawara ce mai kyau, kuma shi ne mafi arha a lens ɗin Canon masu buɗewa sosai. Hasken da yake shigarwa a f/1.8 ya kusa ninki goma na wanda naki ke shigarwa a f/5.6, kuma shi zai ba ki narkewar bayan nan da kike sha'awa. Sai dai akwai abin da masu ba da shawarar ba su cika faɗa ba. Sensar 700D, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ƙarama ce, tana ninka tsawon kowane lens sau 1.6, saboda haka 50mm a jikinta gani yake kamar 80mm a babbar kyamara. In kina son amarya ta fito tun daga ɗaurin ɗankwali har takalmi, sai kin ja da baya kimanin mita huɗu da rabi. Ɗakuna nawa ne a unguwarku za su ba ki wannan filin ranar biki? Bango ne zai tare ki. Shi ya sa nake yawan nuna wa masu irin kyamararki EF-S 24mm f/2.8, ɗan siririn nan: daga mita biyu da 'yan kai zai ɗauke mutum a tsaye gaba ɗayansa, kuma ya ishe ki hoton ƙawaye. Illarsa, ba ya narkar da baya kamar 50mm, kuma in kika matsa dab da fuska sai hanci ya ƙara girma. Amare ba sa yafe wannan.

To wanne? Lens ɗin da ke hannunki zai gaya miki. Ki tsayar da shi a kan 24mm, ki manna masa salatif don kada ya murɗa, ki yi mako guda da shi a haka. Mako na biyu ki mayar da shi 50mm. Wanda kika fi jin hannunki ya sake da shi, shi za ki saya. Ki kuma leƙa bayanan tsofaffin hotunanki, kyamara na rubuta tsawon lens a jikin kowane hoto. Ki duba waɗanda kika fi so, a kan nawa kika ɗauke su. In ra'ayina kike nema, wadda ta fi ɗaukar fuska da kwalliya da hannun lalle ta fara da 50mm, ta bar 18-55mm ɗin don hoton taro da rana.

Ranar da ya zo hannunki, kada zumuɗi ya sa ki ɗauki komai a f/1.8. Daga tazarar mita ɗaya da rabi, abin da zai fito tar bai wuce zurfin santimita shida ba. Ido ɗaya ya fito, ɗan kunne ya ɓace. Mutum uku su jeru, ta tsakiya kaɗai ta fito sosai. Ki ɗora fokos a kan idon da ya fi kusa da ke, ki yi amfani da f/2.2 ko f/2.8 ga mutum ɗaya, f/5.6 ga rukuni. In na hannu za ki saya, ki haska fitilar waya ta cikinsa ki duba ko akwai wani abu kamar yanar gizo-gizo a jikin gilashin. Fumfuna ce, laimar damina ke kawo ta, kuma cire ta sai an kwance lens. Ki ɗaura shi a kyamararki a nan shagon, ki ɗauki hoto kusa da nesa kafin ki ƙirga kuɗi. Da hunturu kuma kada ki canza lens a fili cikin hazo. Ki shiga ɗaki, ki kashe kyamara, ki kifa bakinta ƙasa.

Batun fata shi ne ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki, domin ya zama ruwan dare. Matsalar tana farawa tun wajen ɗauka. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki ne, in ya ga farar shadda ko farin leshi ya cika hoto sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, fuska ta yi duhu. Daga baya ke kuma ki zo ki ja haske sama da ƙarfi don ceto fuskar, launin fata ya wanke. Maganin shi ne ki ƙara haske tun a kyamara da kamar +2/3, ki duba allo ki tabbata aikin zaren da ke wuyan riga bai ƙone ya zama fari fat ba. Kuma ki koma ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto, maimakon JPEG da aka saba. Fayil ɗin ya fi cin memori, amma yana riƙe bayanan haske da launi da JPEG ke zubarwa, kuma da su ake gyara.

Ba yau kayan hoto suka fara yi wa baƙar fata rashin adalci ba. Tun shekarun 1950, katin da kamfanin fim na Kodak ke aika wa masu wankin hoto don daidaita launi hoton Baturiya ne a jiki, ana ce masa katin Shirley, an kuma daɗe ana auna kowace fata da shi. Wasu filtocin da ake saukewa kyauta a intanet a yau ma a kan farar fata aka gina su: suna rage launin ruwan lemo, su ɗaga haskensa. Fatarmu kuwa, daga wankan tarwaɗa har baƙi wuluk, a cikin ruwan lemo da ja take zaune. Kina ɗora filtar, jinin fuskar ya tafi, tokar da kike magana ta bayyana.

Ki ajiye filta, ki yi gyaran da hannunki a manhajar Lightroom, ko na waya ne ya isa. Snapseed ma kyauta ne. Ki fara da daidaita launin haske: ki nemi abin da kika san fari ne a hoton, hula ko bango, ki mayar da shi fari na gaskiya. Sannan haske gaba ɗaya, sannan ki sauke wuraren da suka yi ƙyalli don shadda ta nuna saƙarta, ki ɗan ɗaga inuwa kaɗan. Ruwan lemo kuwa ki taɓa shi da tsoro. Ma'aunin da nake bi mai sauƙi ne: a goge ƙurjin da zai warke nan da mako, a bar tabo da zane da wushirya da launin da Allah ya ba mutum. Ki riƙa kwatanta fuska da wuya da bayan hannu. In mai kwalliya ta riga ta haska fuskar, ke kuma kika ƙara, sai hoton ya fito kamar an ɗora kan wata a jikin wata. Za ki haɗu da masu cewa "a ɗan haska ni". Ki nuna musu biyu, wanda aka haska da wanda aka bar fatar da ɗuminta a haske mai kyau. Da yawa za su zaɓi na biyun, wadda ta nace kuma ki yi mata nata, amma kada ki sa shi a shafinki. In kin gama gyara, ki tashi ki sha iska na ɗan lokaci kafin ki fitar, ido yana sabawa da wuce gona da iri bai sani ba.

Wajen fitarwa, ki zaɓi tsarin launi na sRGB, ki yi girman hoton 1080 a faɗi da 1350 a tsaye don Instagram, ki duba a waya tunda a nan za a kalla. Masu biki kuma ki tura musu ta WhatsApp a matsayin fayil, domin in aka tura ta hanyar da aka saba manhajar na matse hoto ta rage masa kyau, gobe a ce ke ce ba ki iya ba.

Saura kunya. Wani ɓangarenta daidai ne, ki riƙe shi. Hoton matan aure da 'yanmata a wurin kamu amana ce, kuma don an biya ki kin ɗauka ba yana nufin an ba ki izinin yaɗawa ba. Ki tambayi mai hoto, in da hali a rubuce, in ta ce sai ta tambayi mai gida ki jira. Wannan ma shi ne jarinki: akwai ɗakunan da namiji mai kyamara ba zai taɓa shiga ba, ke za ki shiga, kuma da zarar an san ba kya sakin hoto barkatai, gida-gida za a riƙa nemanki.

Ɗaya ɓangaren, wato tsoron kada a ce bai yi kyau ba, ba ya tafiya da jira. Abin da ke rage shi shi ne ki kama abu ɗaya ki yi ta ɗaukarsa har ki fi kowa saninsa. J. D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya, ya fara ɗaukar kitso da gyaran gashin matan Najeriya a 1968, ya yi ta yi shekara da shekaru har ya tara kusan hoto dubu, yawancinsu ta ƙeya ko ta gefe, ba a ma ganin fuska. Ke ga lalle a gabanki. Hannu da ƙafa, ja da baƙi, zanen gargajiya da na zamani, hannun tsohuwa da na amarya, mai lallen tana zana da bakin leda. Babu fuska, izininsa ba ya wuya, kuma zai koya miki haske da fokos da launin fata a lokaci guda. In kin gaji da cikin gida, ga marinar Ƙofar Mata da sassafe, hannun marina ya rine shuɗi har gwiwa.

Daga kowace fita ki zaɓi uku kacal, ko da kin ɗauki ɗari biyu. Kafin ki saka, ki nuna wa mutum ɗaya da ya fi ki sanin aikin, kuma kada ki ce masa "ya yi kyau?", kowa zai ce ya yi. Ki tambaye shi ina idonsa ya fara sauka, me kuma zai yanke in nasa ne. Yawan masu danna so ba ma'auni ba ne, domin hoton kyakkyawar amarya zai tara su ko da an ɗauke shi a karkace. Ki buɗe shafin aiki daban da naki na zumunci, ki fara da hoto tara na lalle waɗanda launinsu ya dace da juna, ki rubuta sunanki ƙarami a kusurwa, ki kuma yi wa mai lallen alama a kowanne, tunda amaren da ke bin shafinta su ne za su fara tambayarki nawa kike ɗauka.