Hajiya, ki je Shai Hills, amma ki fara tambayar wa zai tsaya a baya

Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi tambayarki ta taɓa ni. Kin ce matan ƙungiyarku ta unguwar Madina a Accra za su je Shai Hills, gandun dajin nan mai duwatsu a Ghana, yawon yini ɗaya, ke kuma ga ciwon gwiwa ga jiki, kina tsoron ki zama mai ja musu baya, har kina tunanin ki ce wani uzuri ya taso miki. Kada ki ce haka, ki je abinki. Amma kafin ki tura ko sidi ɗaya ta MoMo, wato kuɗin waya, ki tambayi mai shirya tafiyar wa zai riƙa tafiya a bayan kowa. Idan ya yi dariya ya ce ai duk tare za a tafi, to ki riƙe kuɗinki tukuna.

Ni ma gwiwar ce, ta hagu, tun haihuwar autana. Zuwana na farko, wanda ya kwashe mu daga unguwarmu Nima yaron unguwa ne, kusan a gabana aka yi goyonsa, ba zan kama sunansa ba saboda mahaifiyarsa mutuniyar kirki ce, har gobe muna gaisawa. Ya karɓi kuɗinmu a kan Shai Hills, sai ana gobe tafiya ya sanar wai ya ƙara mana Akosombo, garin madatsar ruwa, za mu je mu ga ruwa da yamma. Kowa na ta murna. To wannan ƙarin shi ya jawo komai, domin tun da muka sauka a ƙofar shiga yake duba agogo.

An ce ƙarfe shida za a tashi, ba mu bar Nima ba sai wajen tara, ana jiran wasu ƙawayensa. Ga cunkoso a Ashaiman. Wurin da bai kai kilomita 60 daga Accra ba, sai da rana ta take muka isa. Galibi da mota ake shiga cikin gandun har kusa da gindin dutse, sannan a sauka a taka. Shi kuwa ya ce direba ba zai sa motarsa a hanyar ƙasa ba, mu taka kawai, ai motsa jiki muka zo yi. Ya kuma ce kowa ya bar jakarsa a mota, ya sayi ruwan leda, yaransa za su ɗauko. Hajiya, ruwan nan ban sa shi a idona ba sai da muka dawo, yana nan a ƙarƙashin kujerar baya, ya yi zafi.

Wurin fili ne, ciyawa da kukoki jefi-jefi, inuwa ba ta da yawa. Ma'aikacin gandun da aka haɗa mu da shi yana can gaba da masu sauri, mutum ɗaya ba zai rabu biyu ba, ban ga laifinsa ba. Shi wannan yaron ne ya ce da bakinsa zai tsaya a baya. Ba a yi nisa ba ya wuce ni da waya a hannu yana ɗaukar 'yan mata bidiyo. Na ce masa, ɗana, gwiwata fa. Ya ce, "Mma, ki daure, saura kaɗan," ko waiwayowa bai yi ba.

Da aka fara hawa sai na daina jin muryoyinsu. Na samu wani dutse na zauna, zafinsa ya ratsa zanina, amma ƙafar ta ƙi ɗaukata. Harshena ya bushe har yana manne wa dasashi. Wayata tana jaka, jaka tana mota. Can ƙasa na hango gwaggon biri, babba, ya zauna yana kallona yana sosa ciki. Ban san lokacin da na fara karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi ba. Abin da ya fi ci min rai ba birin ba ne, tunanin da na riƙa yi ne cewa ko faɗuwa na yi a nan babu wanda zai sani sai an zo ƙirga kai a mota, idan ma an ƙirga. Na yi kuka, ni da nake aurar da 'ya'ya. Wata yarinya 'yar makaranta, ba ma cikin tafiyarmu take ba, ita ta sauko ta same ni, ta ba ni rabin gorar ruwanta, ta koma da gudu ta kira ma'aikacin. Bawan Allah nan ya dawo, ya ba ni sandarsa, ya riƙa nuna min inda zan sa ƙafa har muka sauka. Allah ya saka musu da alheri, su biyun.

Kin san abin da yaron nan ya ce da na shiga mota? Wai saboda ni an rasa Akosombo. A gaban kowa, har da sa'o'in 'yata. Washegari kuma ya sa bidiyon tafiyar a TikTok, ga ni can a gefe ina zaune a kan dutse, mayafi ya zame, ya ɗora wata waƙa ta ban dariya a kai. Ashe ya waiwayo ya gan ni, har ya samu lokacin ɗaukata, lokacin dawowa ne bai samu ba. Sai da mijina ya taka har gidansu aka cire. Kuɗin Akosombo da ya ƙara mana kuwa har yau shiru, kuma na ji an ce yana haɗa wata tafiyar zuwa gandun dajin Kakum. Masu niyyar binsa ku dai tambaya da kyau.

Yi haƙuri, na yi nisa. Abin da nake so ki gane shi ne wurin bai fi ƙarfinki ba. Duwatsun Shai ba dogaye ba ne, mafi tsayinsu bai kai mita 300 ba, ba dutsen Afadjato ba ne da ake hawa ana haki tun daga ƙasa. Na sake komawa da 'yan gidanmu, muka isa da sassafe, mota ta kai mu ciki, na sha mamakin yadda abin ya zo da sauƙi. Mun ga garken mariya suna kiwo kafin rana ta kore su inuwa, yara suka ga jimina da jakin dawa a inda aka killace su. Wannan kaɗai ya isa yawo, ko ba ki hau komai ba.

Dutsen Mogo shi ne wanda ake kama igiya a hau, shi ne kike gani a hotunan mutane. Ba dole ba ne. Ki tsaya a gindinsa ki riƙe musu jaka, babu wanda zai ba ki lambar yabo don kin hau. Kogon Sayu kuma akwai matsatsin duwatsu da ake ratsawa a karkace, ga jemagu, ga warin kashinsu da ke shaƙe mutum. Idan kina da asma ko ƙirjinki na saurin toshewa, ki leƙa daga baki ya isa. Amma ki matsa kusa ki ji bayanin ma'aikacin, domin mutanen Shai a kan duwatsun nan suke zaune har 1892 da Turawan Ingila suka kore su, kuma har yanzu jikokinsu na zuwa ziyara lokacin bikinsu na shekara. Ki ja wa yaranku kunne kada su ɗauki komai a wurin ko su yi rubutu a jikin dutse.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, wannan ki riƙe shi. Ki riƙa saukowa a karkace, ƙafar da ke ciwo ita za ki fara saukarwa, a hawa kuma mai lafiyar ce gaba. Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta koya min, kuma ya yi min aiki. Ki samu sanda. Takalmi kuma kambas mai tauri a ƙasa, ko na gwanjo ne daga kasuwar Kantamanto, amma ki yi kwanaki kina zuwa kasuwa da shi kafin ranar, sabon takalmi a kan dutse azaba ne. Silifas kam a'a. Doguwar abaya ma tana kama ƙaya tana shiga ƙarƙashin ƙafa, gara wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa da ƙaramin hijabi mara nauyi.

Ruwanki a jikinki, ba a mota ba, ba a hannun yaron kowa ba. Babbar gora guda, da ƙarama ta alwala, don azahar za ta same ku a can. Wayarki ma haka. Idan kina shan maganin hawan jini ko na suga, ki gaya wa likitanki kafin ranar, kuma kada ki fita da cikin wofi, ko koko da ƙosai ne ki sa wa cikinki. Abinci kuwa ki ɓoye shi cikin jaka mai zif. Biran bakin ƙofa sun saba da mutane, da sun ga leda a hannu sun san ko mene ne. A gabana ɗaya ya fizge wa wata baiwar Allah ƙunshin dokunu da kifi, ya koma gefen titi ya zauna yana ɓare ganyen a nutse. Kada kowa ya ba su abinci da hannu, kada kuma a bar yara su matsa kusa don hoto.

Ku da kuke Madina ma kun huta, ta Dodowa za ku bi, ba ruwanku da Ashaiman. Ku dai fita da an idar da asuba. Idan an yi ruwan sama da dare, dutsen na santsi, ranar ki haƙura da hawa gaba ɗaya. Ni na fi son lokacin hunturu, ciyawa ta bushe ana hango dabbobi daga nesa, sai dai ƙura, ki tafi da man leɓe.

Kuma don Allah ku ce wuri ɗaya za ku je. Duk wanda ya ce zai haɗa muku biyu a yini ɗaya, a jikin irinmu zai fanshe lokacin. Ki samu mace ɗaya a cikinku, wadda kika yarda da ita, ku yi alkawari tun a gida cewa inda kika tsaya nan za ta tsaya, sannan ki gaya wa ma'aikacin gandun matsalar gwiwarki da bakinki tun a ƙofa, kada ki bari wani ya faɗa miki.

Wace rana kuka sa? Sandata tana nan, irin mai naɗewa ce da ƙanena ya kawo min, ki turo yaro Nima ya karɓa miki. Sai dai a dawo min da ita kafin ƙarshen wata, akwai inda za mu.