Dalilin da Shinkafar Maƙwabcinmu Ba Ta Ƙone Ba

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa ganyen shinkafarmu yake ƙonewa daga baki, alhali ta maƙwabcinmu tana nan kore shar, ga shi fadama ɗaya muke nomawa a nan Gwagwalada. Kana zaton wani magani yake fesawa. Ni abin da na fi zargi shi ne iri.

Amma fara tabbatar da cutar tukuna. Je ka gona da sassafe, raɓa ba ta bushe ba. Ƙunar tana somawa daga tsinin ganye ko gefensa, ta yi ruwan ɗorawa, ta riƙa gangarowa da baki a karkace, daga baya ta koma fari-fari kamar an babbaka. Wani lokaci za ka ga ɗigo mai kauri a jikin ganyen. Yanki daidai inda ƙuna ta haɗu da kore, ka tsoma a kofin gilashi mai ruwa garau. In ka ɗan jima ka ga wani abu fari yana tsiyayowa daga yankan yana gurɓata ruwan, to ƙwayar cuta ce ta bakteriya, wadda malaman gona ke kira Xanthomonas oryzae. Maganin da ake fesa wa wata cutar daban mai tabo-tabo a tsakiyar ganye ba ya kashe wannan, kada ka ɓata kuɗinka.

Tana shiga ne ta ƙananan ƙofofin ruwa da ke gefen ganye, ko ta rauni, sai ta bi jijiyoyin ruwa ta toshe su. A nan iri ke bambanta. Wani irin, da ta shiga sai ya tare ta, tabon ya tsaya bai wuce gaɓar yatsa ba. Wani kuwa ba ya iyawa, sai ta ci ganyen har gindi, zangarniya ta fito rabinta ƙaiƙayi. Wannan juriya gadonta ake yi. Masana sun gano ƙwayoyin gado fiye da 40 masu wannan aiki, suna kiransu Xa. Ɗaya daga cikin fitattunsu, Xa21, daga shinkafar daji ta ƙasar Mali aka samo shi, aka kuma tantance shi a Amurka a 1995. Abin yana burge ni ƙwarai, ciyawar da manomi ke cirewa ya jefar ita ce ta ba duniya wannan kariya.

Sai dai ka riƙe wannan da kyau: ita ma cutar dangi-dangi ce. Ta Afirka ta Yamma ba ɗaya take da ta Asiya ba, don haka irin da ya jure a can yana iya faɗuwa a nan. Kuma in kowa ya rungumi iri ɗaya shekara da shekaru, wata rana cutar takan sami hanyar shigarsa. Saboda haka in mai sayar da iri ya ce maka "mai juriya ne", tambaye shi: juriyar wace cuta, a ina kuma aka gwada? Ko ingantaccen irin nan na FARO ne, da sunan cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a Jihar Neja a bayansa, ban yarda ka cika gona da shi ba sai ka gani da idonka a ƙasarka.

Kada kuma ka ɗora wa iri laifin duka. Takin yuriya in ya yi yawa, ganye ya yi laushi, cutar ta fi ƙarfi ko da irin na kirki ne. Yanke kan ganye lokacin dashe ma buɗe mata ƙofa ne, haka ruwan da ya ratso gona mai cuta.

Bana kada mu ajiye iri daga wannan gonar. Ka je wurin maƙwabcin nan da ladabi, ka tambayi sunan irinsa, ka sayo mudu biyu. Baɗi za mu dasa shi kusa da wasu iri biyu, rana ɗaya, taki ɗaya, ka riƙa auna tsawon ƙunar kowanne da yatsa daga lokacin da shinkafa ta fara 'ya'ya har ta yi ciki.