Tambaya da Amsa: Haile Gebrselassie da hannunsa na hagu

Tambaya: Assalamu alaikum malam, dan Allah a ɗan ba ni tarihin ɗan tseren nan na Habasha, Haile Gebrselassie. Wai da gaske ne lanƙwashewar hannunsa in yana gudu daga ɗaukar littattafan makaranta ta samo asali? Mun yi ta musu da abokina a majalisa, ya ce wai ƙage ne. Daga mai karatunku a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, ka je ka faɗa wa abokin naka kai ka ci musun. An haifi Haile a 1973 a Asella, yankin Arsi, ɗan manoma ne, kuma kullum sai ya zuba da gudu kilomita 10 zuwa makaranta ya kuma dawo da gudu, littattafai a maƙale a hannun hagu, har ya girma ya zama zakaran duniya hannun nan bai saki ba, in ka kalli bidiyonsa sai ka rantse har yanzu yana riƙe da su.

Zinare kam ya kwasa. Sau huɗu a jere a tseren mita 10,000 na gasar duniya, daga 1993 zuwa 1999, ga na Olamfik biyu, Atlanta 1996 da Sidni 2000. Sau 27 yana kafa tarihin duniya.

Amma ni wallahi na Sidni ɗin nan ne ba ya fita raina. Mutumin nan yana fama da ciwon agara, ga Paul Tergat na Kenya dogo, wanda ya sha zuwa na biyu a bayansa kuma ya ƙudura ranar sai ya rama, ana zagayen ƙarshe Tergat ya fizga ya wuce, kowa ya ce shi ke nan an gama, sai ga Haile ɗan ƙarami ya cije haƙora yana cin tazarar taku bayan taku har suka jera kafaɗa da kafaɗa, a bakin layi ya tura ƙirji. Haile ya gama cikin minti 27 da daƙiƙa 18.20, Tergat kuma minti 27 da daƙiƙa 18.29. Bayan zagaye 25 fa! Tazarar ba ta ma kai wadda ta raba na ɗaya da na biyu a tseren mita 100 na maza a gasar ba.

Daga baya ya koma gudun fanfalaki, ya ci na birnin Balin na Jamus sau huɗu a jere, a 2008 yana ɗan shekara 35 ya gama cikin 2:03:59, shi ne mutum na farko da ya sauka ƙasa da awa 2 da minti 4. Fanfalakin Olamfik na Beijin a shekarar kuwa ƙin shiga ya yi saboda asma da gurɓatar iskar birnin.

A 2015 ya ajiye gasa, yanzu yana harkar otal-otal da gonar kofi da motoci a ƙasarsa, kuma tseren kilomita 10 da aka fara da hannunsa a Addis Ababa a 2001 har yau duk shekara dubban mutane ke cika titi dominsa.